An ce in shiga kwamitin amintattun wata ƙungiyar kare teku, ni da nake zaune a Kano: in karɓa?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara raha. Wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare a Akwa Ibom yana da ƙungiya mai zaman kanta a can bakin teku. Aikinsu gadin rairayin da kunkurun teku ke haurowa ya yi ƙwai, da sake dasa itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, mangurof, da zama da masunta ana wayar musu da kai. Suna da 'yan ma'aikata masu albashi, shi ne babban darakta. Ya kira ni ya ce in shiga kwamitin amintattu. Ba albashi, ba alawus, sai kuɗin mota idan an kira taron ido da ido, sauran zaman duk ta Zoom ne. Ya ce idon akanta yake so, tunda na yi ritaya daga banki. Abin da ya tsaya mini shi ne da ya ƙare da cewa ai ba wani aiki ba ne, sunana kawai za su sa. Waɗanda suka san harkar nan, me ake nufi da zama amintacce, kuma me zai hau kaina?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kai da teku ina kuka haɗu? Ga Jakara nan a bayan gida tana wari, ga ruwan kamfanonin fata na Sharaɗa da Challawa, ba mu gama da su ba sai kunkurun Akwa Ibom. Ni dai abin da na gani, sunan ɗan Arewa suke so a takarda, don idan Turawan da ke ba su kuɗi sun duba su ga ƙungiya ta haɗa ƙasa baki ɗaya. Kuma a kyauta.

Alhaji Mai Kifi:
Ɗan Kwari, jiya me aka soya a gidanku? Duk kifin ƙanƙarar da muke saukewa a Sabon Gari, taitus ne, shawa ne, kote ne, daga teku yake. Wani daga Nowe da Holan, wani daga Muritaniya da Maroko, ya sauka Legas, tirela ta hauro da shi. Jatan landen da mata ke dakawa a miya kuma daga can wajen su Oron ta Akwa Ibom ake kawo shi. Yanzu a Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antun da ke niƙe ƙananan kifaye su mai da su abincin kifin gona da na dabbobi a fitar waje. Duk abin da aka niƙe can, kwalin da za mu samu nan ne ya ragu. Ba sai ka ga teku ba kafin ta taɓa maka aljihu.

Dakta Maman Yusra:
Kowannenku da gaskiyarsa. Ruwan cikin birnin Kano kam ba ya zuwa teku. Jakara tana zuba a dam ɗin Wasai, kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a tafkin Chadi. Don haka kada wani ya yaudare mu da cewa ledar da aka yar a Kurmi kunkurun teku ne zai haɗiye ta. Amma gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma dajin mangurof namu shi ne mafi girma a Afirka. A cikin saiwoyinsa kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu kafin su fita ruwa mai zurfi. Ana sare shi don itacen banda kifi, ɗanyen mai yana kashe shi, ga kuma wani kwakwan ruwa, nipa, da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana ta cinye masa wuri. Aikin da abokinka ke yi aiki ne na gaske, in dai da gaske yake yinsa. Sai dai ba wannan ce tambayarka ba.

Baban Iman:
Haka ne Dakta. Ni ba na shakkar aikin, na ga hotuna, na kuma san mutumin. Kujerar da aka ce in zauna a kai nake tambaya.

Barista Abu Hanif:
To bari in shigo. Yallaɓai, kalmar nan ta "sunanka kawai" ita ce ta fi komai haɗari a duk abin da ka rubuta. A dokar kamfanoni ta CAMA wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, irin wannan ƙungiya amintattunta ake yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Su ne fuskarta a gaban doka. Da sunansu ake riƙe dukiyarta, da sunansu take kai ƙara, da sunansu ake kai ta. Kafin a yi rajistar sai an buga sunayenku a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ce bai yarda ba. Ka ga kuwa abin da aka buga a jarida aka ce duniya ta zo ta yi magana a kansa ya wuce ado.

Sashe na 838 ya ce duk kuɗi da kadarar ƙungiya a kan manufarta kaɗai za a kashe su, ba a raba wa 'yan ƙungiya da sunan riba ko garaɓasa. Ɗan kwamitin gudanarwa ba ya riƙe muƙami mai albashi a cikinta, in ba wanda muƙaminsa ne ya ba shi kujerar ba. Abin da za a iya ba shi shi ne mayar masa da kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, ko hayar gini in nasa ake haya, ko ladan wani aiki da ya yi daidai misali. Wanda ya saɓa wa wannan da saninsa, ko ya taya aka saɓa, sai ya mayar da kuɗin. Ka lura da "ya taya". Sa hannunka a ƙasan rahoton da ba ka karanta ba taya wa ne.

Sai sashe na 839 da aka yi ta hayaniya a kansa, musamman shugabannin coci, har aka je kotu. Shi ne ya ba CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana ko rashin iya riƙo. Ga rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC, ga rajistar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram na ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe musu asusu. Ran da abu ya ɓaci, ba wanda zai ce ai wancan na Kano ne, bai sani ba.

Ɗan Kwari:
Kun ji ko? Ba ko sisi, amma in ta ɓaci har da kai. Wannan ai ba ciniki ba ne.

Baban Iman:
Barista na gode. Tunda an zo nan bari in ƙara abin da na rage. Shi abokin nawa shi ne babban darakta, kuma shi ne shugaban kwamitin. Matarsa ce ma'aji. Sauran biyun, ɗaya malaminsa ne na jami'a wanda ya tsufa sosai, ɗaya kuma ɗan uwansa ne da ke zaune a Ingila. Su biyu ke sa hannu a banki, shi da matar.

Barista Abu Hanif:
To fa. Zaman darakta a kwamiti ba laifi ba ne a kan kansa, ƙungiyoyi da yawa suna ba shi kujera saboda muƙaminsa. Amma ya zama shugaba? Kwamitin nan shi ke ɗaukar darakta, shi ke yanka masa albashi, shi ke duba aikinsa ƙarshen shekara, shi ke sallamarsa in ta kama. Idan shi ne shugaba, zai kira taron da za a tattauna albashinsa, ya tsara abin da za a tattauna, ya ba wa wanda ya ga dama damar magana. Tambayi kuma ko matar tana karɓar albashi. In tana karɓa tana kuma cikin kwamiti, akwai magana.

Anti Hajjo:
Ni fa ina jin yadda ake ta jibga wa daraktan nan laifi tun ba a ji ta bakinsa ba. Na yi shekaru ina riƙe da sashen ayyuka a wata ƙungiya nan Arewa, kuma wallahi abin da ya kusa kashe mu ba darakta ba ne, kwamiti ne. Manyan mutane ne masu suna, aka ɗauko su don su yi mana inuwa. Ba su karanta rahoto, amma kowa da ɗan da yake so a ɗauka aiki. Shugabansu ya mai da motar ofis ta kai yara makaranta. Wata Hajiya a cikinsu takan kira jami'in kuɗi kai tsaye ta ce a biya wane, darakta bai sani ba. Ma'aikaci ya yi laifi a hukunta shi, kafin la'asar ya kai ƙara gidan ɗan kwamiti, washegari a ce a janye takarda. A ƙarshe ma'aikata suka gane ba darakta ke da ofis ba, kowa ya nemi ubangida a sama. Saboda haka Baban Iman, in za ka shiga, ka shiga da sanin iyakarka. Kai akanta ne, na san halinku. Kada ka wayi gari kana kiran yaron da ke gadin rairayi kana tambayarsa rasiɗin man babur.

Baban Iman:
Anti kin gama da ni. To in ban tambayi rasiɗi ba me zan tambaya?

Anti Hajjo:
Ka tambayi darakta, a zaman kwamiti, a rubuta. Kamar Islamiyyar unguwa ce. Kwamiti shi zai ce nawa ne kuɗin wata, wa zai zama shugaban makaranta, ina kuɗin gini ya shiga. Amma ba zai shiga aji ya karɓe alli daga hannun malama ba. Ku naku kasafin kuɗi ne ku amince da shi kafin shekara ta fara, ku ga bayanin banki na ainihi duk wata uku, ku ɗauko mai binciken kuɗi daga waje da kanku, ya kawo muku rahoto ku, ba darakta ba. Sauran na ma'aikata ne. Wace gaɓa za a yi gadi bana, wane ƙauye za a fara shiga, wa za a ɗauka direba, ba ruwanku.

Autan Zaure:
Iyayena a yi mini afuwa zan sa baki. Ni tausayin mai ƙungiyar nake ji. Mutum ya kafa abu da guminsa, ya kwana a bakin ruwa sauro na cizonsa, sai ya ɗauko mutanen da ba su taɓa jiƙa ƙafa ba ya ba su ikon korarsa? Ku duba Paul Watson. Yana cikin mutanen farko na ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace, a 1977 kwamiti ya kaɗa ƙuri'a ya fitar da shi. Ya je ya kafa tasa, Sea Shepherd, ya shekara arba'in da wani abu yana bin jiragen masu farautar whale, ƙatuwar dabbar nan ta teku. A 2022 ya sake rabuwa da kwamitin ƙungiyar da shi ya haifa, sai da ya buɗe wata gidauniya da sunansa. In ni ne abokin Baba, wallahi ba zan saki kujerar shugaba ba.

Dakta Maman Yusra:
Auta ka kawo misali mai kyau, amma ka karanta shi ta gefe ɗaya. Rigimar 2022 ba ta kuɗi ba ce, ta alƙibla ce. Shi yana son a ci gaba da tarar jiragen masu laifi gaba da gaba. 'Yan kwamitin kuma sun karkata ga aiki tare da gwamnatoci da masu bincike. Wannan hanya ta biyun a yankinmu ma an gan ta, jiragen Sea Shepherd sun yi sintiri da jami'an Gabon tun 2016, da na Laberiya tun 2017, jami'an ƙasar ne ke kamun, su kuma su ba da jirgi da ma'aikata. Kana iya cewa Watson ne da gaskiya, mutane da yawa sun bi shi. Amma tambayar ita ce wa ke da hurumin yanke alƙibla. Ran da ka karɓi kuɗin jama'a da sunan ƙungiya, ta tashi daga taka.

Barista Abu Hanif:
Doka ma haka ta ce. In aka rushe irin wannan ƙungiya, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa 'yan ƙungiya, wata mai irin manufarta ake miƙa wa. Ba ta shiga gado. Wanda yake son abin da 'ya'yansa za su gada sai ya buɗe kamfani.

Autan Zaure:
Na ji Barista. Amma ku ma ku yarda akwai kwamitocin da ke kashe zuciyar aiki. Su dai kada a ɓata wa gwamnati, kada a ɓata wa mai ba da tallafi.

Dakta Maman Yusra:
Akwai su kam. Kuma a harkar teku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar kamun kifi ta hana manyan jirage masu jan koma shiga mil 5 na farko daga gaɓa, an bar wa masu kwalekwale. Jiragen jatan lande kuma dole su sa wata ƙofa a komarsu da kunkuru zai fita in ya faɗa. To a ce ma'aikatanku sun ɗauki hoton jirgin wani babban kamfani yana jan koma a bakin gaɓa da dare. A fitar ko a yi shiru? Ko kamfanin mai ya kawo tallafin dashen mangurof, alhali kowa ya san abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya faɗa a kan ɓarnar da ɗanyen mai ya yi a ƙasar Ogoni, cewa gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A karɓa ko a mayar? Irin wannan bai kamata a bar wa darakta shi kaɗai ba, don shi albashin ma'aikata ne ke hana shi barci, zai iya karɓar abin da zai ɗaure bakin ƙungiya. Bai kuma kamata matsorata su yanke ba. Shi ya sa ake neman mutanen da ba su ci a ciki.

Ɗan Kwari:
Nan ne ban yarda ba Dakta. Wannan "ba su ci a ciki" ɗin shi ke sa kullum kwamiti ya zama na masu ritaya da masu kuɗi. Wa zai bar shagonsa ya zauna karatun takardu kyauta? Ba gara a yanka alawus a fili kowa ya sani ba, da a ce sa kai ne, sannan a riƙa zagayawa ta baya da kwangilar buga riguna?

Anti Hajjo:
Ran da aka fara kuɗin zama, ran nan taro ke yawaita. Na gani da idona, ƙaramin kwamiti a kan komai, har na duba ƙananan kwamitoci. Kuma wanda ke jiran ambulan daga hannun darakta bayan taro ba zai ɗaga masa murya a cikin taro ba.

Alhaji Mai Kifi:
Ni a maganar Ɗan Kwari akwai abin da na ɗauka. A cikin mutum biyar ɗin nan, da Baban Iman, akwai masunci ko ɗaya? Akwai mace mai banda kifi? Su ne fa za a ce su daina sare itace, su daina kwasar ƙwai. Kunkuru ɗaya takan zuba ƙwai wajen ɗari a rami, sai ya yi kusan wata biyu a cikin rairayi kafin ya ƙyanƙyashe. Ma'aikaci ba zai kwana a kansa wata biyu ba, mutanen ƙauyen ne za su bar shi ko su haƙe. In masunci ya bar ruwa yini guda ya zo taro, a biya shi abin da ya rasa, wannan ba cin kuɗin ƙungiya ba ne. Amma farfesa da ɗan Ingila da ɗan Kano su zauna a Zoom su yanke wa mutanen bakin ruwa hukunci, ba za ta yi tasiri ba.

Dakta Maman Yusra:
Alhaji ka faɗi abin da ya fi nawa. A nan kusa ma mun gani. Aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987, da hannun ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta Legas, da tsuntsaye aka fara shi. Daga baya aka gane in ba a yi maganar masunta da manoma da makiyaya ba, da ruwan da dam ɗin Tiga ya tare tun 1974, ba inda za a je.

Ɗan Kwari:
To shi ke nan, a ba masunci kujerar, Baban Iman ya huta.

Alhaji Mai Kifi:
A'a, masunci ba zai karanta bayanin banki ba. Kowa da nasa.

Baban Iman:
Jama'a na dawo. Na kira shi daren jiya, mun daɗe. Na nemi kundin tsarin mulkin ƙungiya, da takardar rajista, da rahoton binciken kuɗi na baya, da rubutaccen bayanin zaman da kwamiti ya yi na ƙarshe. Kundin da takardar ya turo nan take. Rahoton kuɗi akwai, don masu ba su tallafi sun tilasta. Bayanin zama kuwa babu, ya ce a waya suke magana in wani abu ya taso. Matar ba ta karɓar albashi, ta riƙe ma'aji ne tun lokacin da ba wanda zai riƙe, kuma ya ce ita ma ta gaji. Ya yarda ta sauka daga sa hannu a banki. Ya yarda a kawo mutum biyu daga ƙauyukan da suke aiki, har ya ce akwai shugabar mata masu banda da ta dace. Kujerar shugaba ce ya ƙi. Ya ce ya ga yadda aka ƙwace wa wani ƙungiyarsa, sai dai nan da shekara biyu in ya ga kamun ludayin sabon kwamiti.

Autan Zaure:
Ai na faɗa. Kuma ni ban ga laifinsa ba.

Anti Hajjo:
Ni a ganina ka karɓa. Mutumin da ya turo takardu cikin dare bai yi kama da mai ɓoye abu ba, tsoro ne kawai. Amma shekara biyun nan a rubuta ta a zaman farko, da wata da rana. Kafin nan kuma duk lokacin da za a yi maganar albashinsa ko aikinsa, ya fita daga taron, wani ya jagoranta.

Ɗan Kwari:
Shekara biyun mai kujera dai mun san ta. Allah ya ba da sa'a Yallaɓai, ni dai da ni ne da na ce a kira ni in ya sauka.

Barista Abu Hanif:
Na duba kundin da ka turo mini ta gefe. Kada ka ba da hotonka da lambar NIN tukuna. Babu wa'adin amintattu a ciki ko kaɗan, wanda ya shiga ya shiga ke nan sai mutuwa ko murabus. Babu adadin mutanen da sai sun halarta zama zai yiwu. Sannan akwai sakin layin da ya ba shugaba shi kaɗai ikon cire kowane amintacce. Da wannan, ran da ka yi tambayar da ba ta yi masa daɗi ba, wasiƙa ɗaya ta ishe ka. Gyaran kundi sai babban taro ya amince an kuma kai wa CAC, don haka a haɗa shi da takardun sauya amintattu a shigar lokaci guda. Ka tambaye shi ko ya yarda a cire wannan sakin layin. In ya amsa, turo mini lambar lauyansu mu yi magana ranar Litinin.